Ni ne Ƙafafun Baba Matiyu

Ladi, Yakubu, da ke Auta, wannan babin naku ne fiye da sauran. Tun kuna ƙanana kuke jin ana faɗa a gida cewa babanku ya taɓa ture arziki da hannunsa saboda wani tsohon akwati mai kuka a coci. Kawunnanku sun faɗa, mahaifiyarku ma takan tayar da zancen duk lokacin da ruwa ya zubo ta rufin ɗaki, ku kuma kun girma kuna maimaitawa cikin wasa. Ban taɓa jin haushi ba, domin akwai gaskiya a ciki. Sai dai ba a taɓa ba ku labarin daga farkonsa ba, ni kuma a baki ba na iya jera magana, da na fara sai wani ya katse ni da dariya. Yanzu da hannuna ya saba da biro, bari in jera muku shi yadda ya faru.

A lokacin ina da shago a Ƙofar Ran, cikin jerin shagunan Alhaji Ɗanjuma. Keken ɗinki ɗaya ne gare ni, na ƙafa, sai tebur da bencin masu jira. Kullum da safe nakan taso daga Inkil, in dawo da yamma. Cocinmu na Katolika ƙarami ne, a bakin hanyar unguwarmu, kuma abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ogan ɗin da fararen fada, wato Turawan limaman coci na dā, suka bari. Akwatin katako ne mai maɓallai farare da baƙaƙe a sama, da feda biyu a ƙasa masu faɗin tafin ƙafa. A cikinsa akwai zuga-zugi irin na maƙera. In ba a taka feda ba babu iska, in kuwa babu iska, ko ka danna maɓallai har yatsunka su yi ciwo ba za ka ji komai ba. Tun ina yaro mutum ɗaya ne ke kaɗa shi, Baba Matiyu, tsohon katikis ɗinmu mai koyar da addini, ɗan siririn dattijo mai faɗa, wanda ba ya yabon kowa sai in ya rasa yadda zai yi.

Wata rana ya kawo mini wando in rage masa ƙugu. Ya zauna a benci, bai dubi wandon ba, bai dubi fuskata ba, ƙafafuna kawai yake kallo a kan keke.

"Tela, ƙafafun nan naka ba sa gajiya?"

"Sun saba, Baba."

"To ka ara mini su ranar Lahadi. Nawa sun yi ritaya ba su sanar da ni ba."

Ashe ciwon gwiwa ne ya ci ƙarfinsa, har ba ya iya taka feda ya kai ƙarshen waƙa ɗaya. Ranar Asabar da la'asar na same shi a coci. Bencin ogan na mutum ɗaya ne, amma muka matsu a kai mu biyu. Shi ya karkatar da ƙafafunsa gefe, ni na miƙa nawa a karkace zuwa feda, kafaɗata tana gugar tasa. Ya ce in taka. Ni kuwa na taka yadda na saba, da sauri, kamar ina bin dogon ɗinki. Ogan ya yi wani irin haniniya, sauti ya tashi ya faɗi ya sake tashi, har wata tsohuwa da ke shara a bayan coci ta leƙo ta taga. Baba ya ɗauke hannunsa ya dube ni.

"Wandon Sallah kake ɗinkawa ne, mai shi yana tsaye a kanka?"

"A'a, Baba."

"To wannan huhu ne, ba keke ba. Kada ka kalli hannuna. Ka saurari hancina. In na ja numfashi ka ba shi iska, in na sake ka bi ni a hankali."

Haka na fara. Ban koyi kiɗa ba, numfashin mutum ɗaya na koya. Baba yana da ƙaramin fito a hanci, kuma da shi nake sanin inda zai ƙara ƙarfi da inda zai sassauta. Shekaru muka yi a haka, har ya zamana ba na tunanin ƙafafuna, su ke jinsa da kansu. Samarin coci suna ce mana makaɗi mai kai biyu. Alhaji Ɗanjuma kuwa da ya ji labari, duk ranar Litinin sai ya tsaya a ƙofar shago ya ce, "Injin coci, an tashi lafiya? Ba a ƙare maka mai ba?" Bayana yakan yi ciwo saboda zaman karkace, amma ina jin daɗin wurin. Mutum yana zaune a gefen abu mai kyau, yana da hannu a ciki, kuma in an yi kuskure ba shi ake kallo ba.

Cikin duk abin da Baba ke kaɗawa akwai ɗaya da ya fi ƙauna, kuma sau ɗaya ake yinsa a shekara, ranar Fentikos, idin saukowar Ruhu Mai Tsarki. Yana kiransa share fage. Kiɗa ne da ake yi kafin Fada ya shigo, jama'a suna zaune, babu mai rera komai. An gina shi a kan wata tsohuwar waƙar roƙon Ruhu Mai Tsarki, wadda Baba ya ce an yi ɗaruruwan shekaru ana rerawa da Latin kafin a juya mana ita da Hausa. Irin waƙoƙin nan ba su da ganga, ba su da tafi, ba ka iya kaɗa musu ƙafa. Murya ɗaya ce take tafiya, ta hau kaɗan, ta sauko kaɗan, kamar mai magana da wanda yake jin nauyinsa. A share fage hannun dama ne ke ɗauke da muryar waƙar a hankali, hannun hagu yana yawo a ƙarƙashinta. Kuma bayan layin farko Baba yakan ɗauke hannuwansa duka biyu, ni ma in tsayar da ƙafa, coci ya yi tsit. Shirun yana da tsawo, har baƙo zai zaci an gama. Sannan layi na biyu ya shigo. Bai taɓa gaya mini dalilin shirun ba, ni kuma ban tambaya ba. Jama'a ma sun saba, sun san na Baba ne.

Shekarar da nake son ba ku labarinta, bayan Kirsimeti hannun daman Baba ya fara rawa. Da farko yana ɓoyewa, yana danne shi da na hagu tsakanin waƙoƙi, amma ni da ke manne da kafaɗarsa ina jin rawar har cikin ƙashina. A daidai lokacin ne samari suka sayo sabon kibod na lantarki, mai ganga a cikinsa, wanda yatsa ɗaya ma ya isa ya tayar da coci. Ban ga laifinsu ba, abin yana da daɗi. Kwamitin coci ya zauna ya yanke cewa wurin bai isa kayan kiɗa biyu ba. In har ranar Fentikos an sami wanda zai kaɗa share fage shi kaɗai daga farko har ƙarshe, ogan zai zauna. In ba a samu ba, a kai shi sito. Kowa ya san siton nan. Gara da ɓeraye ba za su bar zuga-zugin ya ga wata damina ba, kuma in ogan ya tafi share fage ya tafi, domin ba wanda ya iya shi sai Baba.

"Kai za ka kaɗa," in ji Baba, muna fitowa daga taron.

"Ni, Baba? Ai ni ƙafa ne."

"Ƙafa ba ta da mai ita? Zauna a tsakiya in ji."

Na zauna a tsakiyar benci karo na farko. Kunnena ya riga ya haddace muryar, don haka da lalube na fitar da layin farko da hannun dama. Na ɗauka zai yi murna. Sai ya girgiza kai ya ce muryar tana nan, amma na yanka ta a inda ba gaɓa. Ya ce tun da waƙar ba ta da ganga, ba abin da zai gaya mini inda zan ja da inda zan tsaya sai kalmominta, ko da ba mai rera su. Ya buɗe tsohon littafinsa ya nuna mini: baƙaƙen ɗigo masu kusurwa a kan layuka, a ƙarƙashinsu Latin, a ƙarƙashin Latin kuma Hausa da ya rubuta da hannunsa. Ni na san kalmomin a baki sama-sama, amma a share fage gaɓa ɗaya takan miƙe a kan maɓallai da yawa, sai in ɓace ban san inda nake ba. Ya ce in bi da ido. Na ce masa abin da ya riga ya sani, cewa ban taɓa shiga aji ba, awo ma da alli da ƙwaƙwalwa nake riƙe shi.

"To ka shiga," ya ce. "Akwai ajin yaƙi da jahilci a firamaren unguwarku. Waɗanda suka girme ka ma suna zuwa."

A cikin makon nan ne Alhaji Ɗanjuma ya kira ni zaurensa. Ya sami kwangilar ɗinka kayan 'yan makaranta a Gombe, yana son mutum mai amana ya je ya shugabanci telolin har ƙarshen damina, bayan nan kuma ya buɗe masa babban shago mai kekuna da yawa. Ya ce ni ya fara tunawa. Na yi godiya na ce zan yi shawara da gida. Mahaifiyarku, Rifkatu, tana tankaɗen garin masara lokacin da na gaya mata maganganun biyu, ta Alhaji da ta Baba. Ta ajiye rariya.

"Baban Ladi, wace shawara kuma? Ka haɗa kayanka."

"In na tafi, Fentikos zai wuce ba na nan."

"Sai ya wuce. Ruhu Mai Tsarki ba zai sauko ba sai da akwatin nan? A kan manzanni da ya sauko, wa ya taka musu feda?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Shekara da shekaru kana ba mutum aron ƙafa, ko lemo ba a taɓa miƙo maka ba. Yanzu Allah ya buɗe ƙofa, kai kuma za ka koma aji ka zauna da gemunka kana a, ba, ca. Yaran nan takalma suke so, ba share fage ba."

Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Ko yanzu amsar da nake da ita ba mai ƙarfi ba ce. Abin da na sani shi ne, aikin Gombe in ban je ba wani zai je, kayan za su ɗinku, yara za su sa. Share fage kuwa in ban zauna ba babu wani. Ba don na fi kowa ba, sai don ni kaɗai ne na yi shekarun nan ina jin numfashin tsohon. Na yi ta juya abin a raina ina ɗinki, har na koma wurin Alhaji na ce ya yafe mini. Sai ya tambaye ni.

"Habila, abin nan ibada ce a wurinku?"

"Ibada ce, Alhaji."

"To ba ni da ta cewa. Amma ka sani, irin wannan ba ta cika dawowa ba."

Ba ta dawo ba kuwa. Wanda ya tafi a madadina yau yana da gidan sama da yara masu yi masa aiki, mu kuma muka ci gaba da zama a ɗaki biyu a Inkil, kuka yi ta gadon takalman juna. Wannan shi ne kuɗin abin, kuma ba ni kaɗai na biya ba, har da ku da mahaifiyarku. Ina so ku san na san haka. Alhaji dai bai riƙe ni a zuci ba. Da na fara rufe shago da la'asar, shi ke karɓar yadin masu zuwa ya ajiye mini, yana ce musu tela ya tafi jami'a.

Ajin namu a ɗakin 'yan aji ɗaya ake yi bayan yara sun tashi. Bencinan ƙanana ne, gwiwata tana dukan tebur. A gefena wani Bafulatani ne dillalin shanu, wanda ke riƙe fensir kamar sanda, a gaba kuma mata masu sayar da ƙosai da suka fi mu saurin ganewa suna yi mana dariya. Malaminmu Malam Sabo ne, mutumin cikin gari, mai haƙuri ƙwarai. Da muka ɗan yi nisa na roƙi Baba aron littafinsa na kai wa Malam Sabo, ina ɗar-ɗar ko zai ƙi taɓawa. Ya karɓa da hannu biyu, ya tambaye ni abin da nake nema a ciki, na yi masa bayanin yanka a inda ba gaɓa. Sai ya yi murmushi.

"Ai tsohon naku ya san abin da yake yi. Mu ma a karatun Alƙur'ani akwai inda ake tsayawa, akwai inda ba a tsayawa. In ka yanke numfashi a tsakiyar magana ka karya ta. Sa yatsanka a nan, mu tafi."

Daga ranar, in an tashi aji yakan tsaya da ni kaɗan, in karanta layi ɗaya da ƙarfi, yatsana yana bin haruffa. Ranar da na fara haɗa layin farko da idona, ba da ka ba, na tsaya a bakin titi ina maimaita shi har mai keke ya yi mini hon. Abin mamaki, da na ga kalmomin a rubuce sai na ga inda kowace ta fara da inda ta ƙare a ƙarƙashin ɗigon nan, na kuma gane abin da ƙafafuna suka daɗe suna yi ba tare da na san dalili ba. Hannun hagu ne ya ba ni wuya. Yana son bin na dama kamar ɗan akuya da uwarsa, Baba kuwa yana zaune a gefen benci da mafici, da ya kauce sai ya ɗan buge shi. Zafin bazara ya zo, rufin kwano yana ƙuna, gumi yana sa yatsuna santsi a kan maɓallai, muna nan. Bai taɓa ce mini na yi daidai ba. In ya yi shiru bai ɗaga mafici ba, na san an wuce wurin.

A gida Rifkatu ta daina maganar Gombe, amma ba ta daina huci ba. Takan ji ni ina danna yatsu a kan tabarma ina gunguni, ta ce wa Ladi, "Kawo wa malamin kiɗa ruwa." Daga baya na lura tana ajiye mini tuwo da zafinsa ranakun aji, har ta wanke farar rigata ta sa mata bula tun Fentikos da saura. Tsoronta ya tashi daga na talauci ya koma na kunya. Ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata, kuma a zumunta suna da al'ada: in muryar mai ba da waƙa ta sarƙe ko ta manta baiti, ba a barinta a tsaye, nan take sauran za su ɗauka da kiɗan tulu da caki su rufa mata asiri. Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, ta bi matan ɗaya bayan ɗaya ta ce musu, in suka ga mijinta ya kakare ranar Fentikos, kada su bari a ji.

Ranar ta zo da sanyin ruwan da aka yi da asuba. Coci ya cika har waje, mata sun sha ɗinkin zumunta, wanda rabinsa ni na ɗinka. 'Yan kwamiti suna layin gaba. Baba ya zauna a ƙarshen bencina, hannuwansa a kan cinya, bai kawo mafici ba. Na taka feda a hankali har na ji zuga-zugi ya cika, na sa hannu. Layin farko ya fita lafiya. Ina karanta kalmomin a zuci, kowace gaɓa na ba ta haƙƙinta, hannun hagu ya bi hanyarsa bai leƙa na dama ba. Da na kai ƙarshen layin na ɗauke hannuwana duka biyu, na tsayar da ƙafa, yadda aka koya mini. Coci ya yi tsit. Raina ya yi fari, na ce a zuci yau ga ni a cikin shirun Baba.

Shirun da jama'a suka saba ji daga Baba ba su taɓa jinsa daga tela ba. Daga Baba, kiɗa ne. Daga ni kuwa, mutum ne ya ɗauke hannu ya sunkuyar da kai. Ban kai rabinsa ba sai na ji muryar da na fi sani a duniya ta tashi daga ɓangaren mata, ta ɗauki layi na biyu da ƙarfi. Kafin in ɗago, tulu ya shigo, caki ya biyo, mata sun amsa gaba ɗaya, wasu har sun fara tafi. Sun sa wa waƙar ganga, tana tafiya da rawa kamar ta ranar biki. Na ji kafaɗar Baba ta sandare. Na dubi layin gaba na ga shugaban kwamiti yana raɗa wa na kusa da shi magana.

Hanya biyu na gani a gabana, kuma duk ba su yi mini ba. In na bi gangarsu, share fage ya mutu a hannuna, kibod ma zai fi ni iyawa. In na naɗe hannu na jira su gama, kowa zai tabbata na kakare. Sai na sa hannun hagu a kan maɓalli mafi kauri, wanda waƙar ke komawa kansa, na riƙe shi, na ba shi iska a hankali, sauti ɗaya yana kwance a ƙarƙashin muryoyinsu ba ya motsi. Na san dole su ja numfashi a ƙarshen layi, ai mutane ne. Da suka kai wurin suka buɗe baki za su ja, na cika zuga-zugi na shigo da layi na uku da duk ƙarfin ogan, a hankali, yadda yake a littafi. Mai tulu ta buga sau ɗaya, ta sake bugawa, ta rasa inda bugun zai sauka, ta ɗora hannu a bakin tulun. Caki ya mutu. Tafi ya watse. Amma matan ba su yi shiru ba. Wasu tsofaffi a cikinsu, waɗanda suka rera waƙar a zamanin fararen fada, suka tuna yadda take, suka sassauta suka bi ni, sauran suka bi su. Inda gaɓa ta miƙe suka miƙe da ita, inda na numfasa suka numfasa. Hannun hagu ya yi mini tuntuɓe a layin ƙarshe, na dawo da shi. Fada yana tsaye a bakin ƙofa da masu hidima, bai shigo ba sai da sautin ƙarshe ya ƙare.

Bayan an tashi, ban motsa daga benci ba. Rifkatu ta zo tana gyara ɗankwali, fuskarta cike da alfahari, ta durƙusa ta gaida Baba.

"Baba, mun gode Allah. Da ba mu yi sauri ba ai da an ji kunya."

"Wace kunya, 'yar nan? Wa ya ce ku buɗe baki?"

"Ai ya tsaya, Baba. Ya manta."

"Bai manta ba! Shirun nan a cikin kiɗan yake. Layin farko sallama ce, an kira Mai Tsarki. In kin yi sallama a ƙofar babban mutum, kutsa kai kike yi? Tsayawa ake yi a jira amsa daga sama."

Rifkatu ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ta rufe baki da gefen mayafi, amma mahaifiyarku ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba.

"To Baba, ku yafe mana. Mun ga sama ta ɗan yi jinkiri ne, shi ya sa muka amsa."

Baba ya buɗe baki zai yi faɗa, sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ban taɓa ji daga gare shi ba, har da tari. Ana cikin haka shugaban kwamiti ya iso, ya ce su kansu a rabe suke. Wasu sun ce tela ya kai ƙarshe, wasu sun ce mata ne suka ɗauke shi, kuma sharaɗin shi kaɗai ne. Ya ce tun da Baba ne mai abin, shi zai raba gardama: ya iya ko bai iya ba? Na san tsohon nan ba zai yi ƙarya don ni ba, ko don ogan.

"Hannun hagunsa ya yi tuntuɓe a ƙarshe," in ji Baba. "Layi na biyu kuma ban ji shi ba, matarsa ta cinye. Amma an ƙwace masa waƙa a gaban jama'a, bai bi ganga ba, bai kuma gudu ba, ya je ya dawo da ita. Wannan ban koya masa ba, don ni ba a taɓa yi mini ba. Ku bar ogan inda yake."

Aka bar shi. Kibod ya koma ɗaya gefen, aka rage benci ɗaya na jama'a, wurin da aka ce bai isa ba ya isa. Da mutane suka ragu, Baba ya dafa kafaɗata ya miƙe da ƙyar. Na tashi zan riƙe shi, na ce Asabar mai zuwa sai mu gyara hannun hagun nan.

"Ka gyara abinka," ya ce. "Ka san inda yake. Daga Lahadi can zan zauna wurin dattawa. Tun ina saurayi nake jin ogan ɗin nan daga kusa, ban taɓa jin yadda yake isa bayan coci ba."

Ya karɓi sandarsa ya tafi a hankali ta tsakiyar bencinan jama'a, yana tsayawa nan da can yana duba inda zai fi jin sauti. Ni kuma na koma na zauna. Sai da na miƙa ƙafa zuwa feda na lura har yanzu a gefe nake, a karkace, na bar masa wurinsa. Na gyara zama na koma tsakiya.